Agogo Uku, Mari Ɗaya

Da aka ce kowa ya kawo rubutu don wannan ɗan littafi namu, abokaina na fada cewa suka yi in ba da labarin yadda na ci bak. Na ce a'a. Labarin cin bak kowa na da nasa, kuma rabinsa ƙari ne. Ni labarin wani mari zan ba ku, marin da na yi wa ƙanena Auta a wani dare na watan Nuwamba 2023, kan laifin da bai yi ba. Amma kafin mu kai ga marin, sai kun yi haƙuri na bi da ku ta cikin wani wasa da wani agogo, don in ba ku gane agogon ba, ba za ku gane girman wautata ba.

Yayanmu da ke ci-rani a Agadas shi ya aiko mini da wata tsohuwar kwamfuta ta hannu, shekarar da na shiga lise. Batirinta ya mutu tun a wurin mai ita na farko, in aka ɗauke wuta ita ma nan take sai ta yi tsit. Shi ne kuma ya sayo babbar salular da ke gidanmu, ya ce in riƙe, amma da sharaɗi ɗaya: duk lokacin da ya kira, a kai wa Inna ba tare da ɓata lokaci ba. Daga wannan salular nake jawo intanet zuwa kwamfutar. Ku riƙe wannan sharaɗin a ranku, zai dawo.

Wanda ke zaune a Matamaye ya san yadda fas ɗin intanet ke ƙarewa. Ka sa na dala ɗari, ka kalli bidiyo uku, a ce maka ya ƙare. Wasannin da samari ke yi masu hotuna da harbe-harbe sun fi ƙarfin aljihuna, sun kuma fi ƙarfin tsohuwar kwamfutata. Cikin neman abin da ba ya cin fas na faɗa kan wani irin wasa da ake kira MUD. Babu hoto ko ɗaya a cikinsa, babu sauti, rubutu ne zalla. Wasan zai rubuta maka cewa kana tsaye a bakin wani kogo, akwai hanya gabas da arewa, ga wani dodo yana barci. Kai kuma ka rubuta abin da kake so ka yi. Mutane daga ƙasashe daban-daban suna ciki a lokaci guda, kuna haɗuwa, kuna magana, kuna yaƙi tare. Irin wannan wasa ya girmi iyayen wasunmu: wani ɗalibi mai suna Roy Trubshaw ne ya fara rubuta na farko a 1978 a Jami'ar Essex da ke Ingila, daga baya abokinsa Richard Bartle ya karɓa ya faɗaɗa shi. Har yau akwai ɗaruruwansu suna aiki. Da yake rubutu ba shi da nauyi, fas ɗin da bidiyo ke lamushewa cikin minti goma ni yakan kai ni kwanaki. Kuma da yake da Ingilishi ake yi, abin da na koya a wata shida ya fi abin da na kwaso a shekara huɗu na kolej. Wannan ita ce hujjar da nake ba Inna in ta yi ƙorafi.

Ana shiga wasan ta wata manhaja, ni Mudlet nake amfani da ita, kyauta ce. Daɗinta shi ne tana barin ka rubuta ƴan umarni da za su riƙa yi maka wasu ayyuka da kansu, da wani harshen kwamfuta mai suna Lua. A Birazil aka ƙirƙiro shi a 1993, a wata jami'a da ke Rio de Janeiro, kuma ma'anar sunan a harshen Fotugal shi ne wata, wannan na sama. Abubuwa biyu ne ginshiƙin aikin. Na farko ni tarko nake ce masa: ka ɗana shi ka ce, in ka ga layi kaza ya fito a allo, yi kaza. Na biyu agogo: ka ce, bayan daƙiƙa kaza yi kaza, ko kuma ka ce ya riƙa maimaitawa ba tsayawa. Umarnin da ke tayar da agogo sunansa tempTimer, wanda ke kashe shi kuma killTimer. Na farkon na san shi tun ranar farko. Na biyun ban taɓa jin ina bukatarsa ba.

A wasan mu biyar ne a ayari ɗaya. Shugabanmu wani dattijo ne daga Holan, sai wata mata daga Jamus, da samari biyu ƴan Faransa, sai ni. Aikina shi ne mai magani. Su suna gaba suna sara, ni ina baya ina warkar da wanda ya ji rauni, kuma duk minti ɗaya sai na sabunta wata kariya da ke lulluɓe ayarin gaba ɗaya. Komai da ƙarfin tsafi ake yin sa, kuma ƙarfin a ƙirge yake. Nawa in ya cika maki 600 ne. Duk minti yana ƙaruwa da 90. Kariyar tana cin 40. Ke nan ina da rarar 50 a kowane minti don warkarwa, ga kuma ajiyar 600 don ranar tsanani. Dattijon nan ne ya ba ni rubutun umarnin da shi ma ya daɗe yana amfani da shi: tarko ɗaya da ke jiran layin maraba da wasan ke rubutowa in ka shiga, yana ganin layin sai ya tayar da agogo mai maimaita kariyar duk daƙiƙa 60. Na kwafa, ya yi aiki sumul. Har na ƙara nawa gwaninta. Da yake layukan kariyar suna cika mini allo lokacin yaƙi, sai na sa wani umarni mai suna deleteLine ya riƙa share su kafin in gani. Na ji kaina gwani a ranar.

Auta, wanda shekararsa 11 a lokacin, kullum yana gefena a kan tabarma. Ba ya taɓa komai. Yana kallon rubutu na gudu, yana tambaya, “Yaya, wannan kalmar me take nufi?” Har ya fara gane kalmomin gabas da yamma da takobi da ruwa. In salula ta yi ƙara, shi ne ɗan aike, ya sure ta ya ruga ɗakin Inna a can ƙarshen gida. In ta yi nisa haka layina yakan yanke, amma ƴan ayari sun saba, sukan tsaya a wuri marar haɗari su jira ni.

Wata uku muna haka lafiya lau. Sai a ƙarshen watan Oktoba abu ya fara. Muna tsakiyar yaƙi, in rubuta umarnin warkarwa, wasan ya ce ba ni da ƙarfi. In duba, 600 ɗin nan ta zama sifiri. Ta ina ta bi? Oho. Ayari ya watse, kowa ya mutu, kayan da muka yi sati muna tarawa suka zube. Gobe mu shiga, komai daidai. Jibi daidai. Gata kuma ya sake. Babu ranar da za ka ce ita ce tasa. Wani sati sau ɗaya, wani sati sau uku.

Da ya lalace ne gaba ɗaya, da sauƙi. Abin da ya mutu murus kana iya buɗe shi ka ga inda ya mutu. Amma abin da ke yi yau ya ƙi gobe, shi ne ke sa mutum zargin duniya. Ni ma na bi layi na zargi kowa.

Na fara da wuta. Kun tuna tun farkon watan Agusta 2023 aka yanke wutar da ke zuwa mana daga Najeriya, muka shiga watanni na ɗauke-kawo. Na ce ai kashewar da kwamfutar ke yi ba shiri ce ta lalata wani abu a cikinta. Amma sai na lura da wani abin mamaki: daren da aka ɗauke wuta muna tsakiyar wasa, aka dawo da ita na sake kunnawa, a wannan daren matsalar ba ta zuwa. Na rasa yadda zan fassara wannan, sai na watsar.

Na koma kan rezo. Wannan kam ba a rasa shi da laifi, amma akwai daren da rezo ya yi ta ja kamar tsohon jaki kuma ƙarfina bai ƙare ba, akwai daren da yake gudu kuma ya ƙare. Na koma kan canjin awa: a ranar 29 ga Oktoba mutanen Turai suka mayar da agogonsu baya da awa ɗaya, kamar yadda suke yi duk Lahadin ƙarshe ta watan, mu kuwa a Nijar ba ma taɓa namu. Haɗuwarmu da ke ƙarfe 8 na dare a wurinmu ta koma ƙarfe 9. Tunda a satin ne abin ya fara, na ce shi ke nan na kama ɓarawo. Na yi ta wasa da agogon kwamfuta, na kai shi gaba na dawo da shi baya. Babu abin da ya canza. Na goge Mudlet na sake saukewa, fas ɗin kwana uku ya tafi a banza. Wani abokina a fada ya ce, “Kai dai ka yi wa na'urar nan tofi, wasan dodanni da dare ai sai a hankali.” Muka yi dariya, amma wallahi da na koma gida sai da na karanta abin da ya sawwaƙa.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, duk lokacin da na zauna musamman don in kama matsalar, sai ta ɓace. Ranar Asabar da hantsi in kunna kwamfuta, in buɗe Mudlet sabuwa fil, in zauna awa biyu ina zuba wa lambobin ido. Su yi ta tafiya daidai kamar ƴan makarantar da suka ga darakta. Daga baya na ji cewa masu rubuta manhaja suna da suna ga irin wannan, Heisenbug suke ce masa, daga sunan Werner Heisenberg, Bajamushen nan masanin fizik da ya nuna cewa a duniyar ƙananan ƙwayoyi aunawa kanta tana taɓa abin da ake aunawa. Ni ban san ina taɓa komai ba. Ashe sake kunnawar da nake yi kafin kowane gwaji ita ce ke share sawun ɓarawon.

A tsakiyar Nuwamba muka yi shirin shiga wani wuri da ayarin ya yi wata guda yana tanadi dominsa. A daren Yaya ya kira, Auta ya kai salula, Inna ta ƙwala mini kira in zo mu gaisa. Na je, na dawo da salular, na tarar da Auta zaune gaban kwamfuta kamar kullum. Na sake haɗa layi. Ba a jima ba Yaya ya sake kira, wai layi ne ya katse musu ba su gama ba. Aka sake yin yadda aka yi. Na dawo, muka shiga yaƙi, kafin minti goma sha biyar ƙarfina ya ƙare ƙaf. Duka muka mutu. Ɗaya daga cikin samarin Faransa ya rubuta cewa shi ba ya ƙin kowa, amma wanda layinsa yake Afirka bai kamata a ba shi aikin mai magani ba. Dattijon ya tsawata masa, amma maganar ta riga ta shiga. Na ji kamar ba ni kaɗai aka zaga ba, har da Matamaye da Damagaram da ƙasar baki ɗaya.

Na juyo, idona ya faɗa kan Auta. Nan take lissafi ya haɗu a kaina: duk daren da abin ya faru, na tashi na bar shi shi kaɗai da kwamfutar. Na ce, “Me kake dannawa in na fita?” Ya ce, “Wallahi Yaya ban taɓa ba.” Na ce ƙarya yake. Sai ya ce, “Ba ni ba ne. Ran da Yaya babba ya kira sau biyu ne yake yi.” Ni a lokacin rashin kunya na ji a maganar, wai yaro zai ɗora wa babban yayanmu laifi don ya kuɓuta. Na ɗauke shi da mari. Bai yi kuka da ƙarfi ba. Ya riƙe kunci, ya tashi ya fita.

Daga ranar bai sake zama a tabarmar nan ba. In salula ta yi ƙara, ya zo ya ɗauka ba tare da ya kalle ni ba, in an gama ya ajiye a bakin ƙofa. Inna ba ta yi mini faɗa ba, abin da ta ce kawai shi ne, “Ka gan shi da idonka?” Na ce a'a, amma na tabbata. Ta ce, “To, zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya.” Ta ci gaba da tankaɗenta.

Kwana huɗu bayan haka, ba Auta a kusa ko da taku goma, ƙarfina ya sake ƙarewa a tsakiyar yaƙi. Na zauna ina kallon sifirin nan, cikina ya yi sanyi.

Mushenmu na lissafi na kai wa kuka, ba don ya san wasan ba, sai don ba ni da wanda zan gaya wa. Ban faɗa masa zancen mari ba. Ya saurare ni har na gama, ya ce, “Sau nawa ya faru?” Na ce da yawa. Ya ce, “Da yawa ba lamba ba ce. Wace rana da wace rana? Ƙarfe nawa?” Na yi shiru. Ya ce in sayi kaye, in ja layuka, duk dare in rubuta abin da ya faru, har da abin da nake ganin ba shi da amfani, kuma in rubuta daren da komai ya tafi daidai kamar yadda zan rubuta daren da ya lalace. Ya ce ruwa ba ya tsami banza, kwamfuta kuwa ba ta da ranar fushi. In ta yi abu yau ta ƙi gobe, to akwai abin da ya bambanta yau da gobe, ni ne ban gan shi ba.

Na sayi kaye. Na ja gida shida: rana, lokacin farawa, wuta, rezo, sau nawa layi ya yanke, ƙarfi ya ƙare ko bai ƙare ba. Dare 16 na cika. Da na zauna na duba, abin ya fito fili har ya ba ni kunya. Daren da layi bai yanke ba, lafiya. Daren da ya yanke sau ɗaya, ƙarfin yakan yi ƙasa amma mu tsira, sai in yaƙin ya yi zafi ƙwarai. Daren da ya yanke sau biyu ko fiye, mutuwa ce ba makawa. Daren da wuta ta kashe kwamfutar bayan yankewar, lafiya. Na ɗauko salula na buɗe jerin kiran da suka shigo, na jera su da kayen. Kusan kowace yankewa tana da kiran Yaya a gefenta. Yaya sai ya tashi daga aiki ya ci abinci yake kira, wajen ƙarfe 9 da wani abu. Da muna haɗuwa ƙarfe 8, mukan gama kafin ya kira. Da Turai suka juya agogonsu, sai wasanmu ya faɗa daidai lokacin kiransa. Abin da yaro ɗan shekara 11 ya gani da ido kawai, ni sai da na cika shafi huɗu.

Saura in gane dalili. Na cire umarnin nan da ke share layukan kariya, na sa agogon ya riƙa rubuto lokaci a allo duk sa'ad da ya buga. Sannan na yi abin da ban taɓa yi ba a gwaji: maimakon in sake kunna komai, sai na ɗauki salular da kaina na kai ta ƙofar gida har layi ya yanke, na dawo na haɗa. Na sake yi. Na zauna ina kallo. Kariya ta fita a daƙiƙa ta 7. Ta sake fita a ta 31. Ta sake a ta 52. Minti na gaba ma haka, 7, 31, 52. Agogo uku ne ke bugawa, kowa da lokacinsa.

Ga abin da ke faruwa. Agogon ba a cikin wasan yake zaune ba, a cikin Mudlet yake, a kwamfutata. In layi ya yanke, shi bai san an yi ba, yana nan yana ƙirga. In na sake haɗawa, wasan ya rubuto layin maraba, tarkon ya gani, ya tayar da sabon agogo, ba wanda ya ce wa tsohon ya tsaya. Kiran Yaya ɗaya, agogo biyu: 80 a minti, rarata ta koma 10. Kira biyu, agogo uku: 120 a minti, alhali 90 ke shigowa. Giɓin 30 ke nan, wanda zai cinye 600 cikin minti 20 ko da ban warkar da kowa ba, balle ana yaƙi. In wuta ta kashe kwamfutar kuwa, duk agogunan sun mutu tare, a fara daga ɗaya. Kuma da ban share layukan da hannuna ba, da tun daren farko na ga kariyar tana fita sau uku.

Gyaran ma sai da ya ba ni kunya sau ɗaya. Duk agogon da tempTimer ya tayar yana ba ka lambarsa, da ita za ka kashe shi. Na ajiye lambar a wani mazubi na sa masa suna agogo, na rubuta layi ɗaya kafin a tayar da sabo:

if agogo then killTimer(agogo) end

Ma'ana, in akwai tsoho, kashe shi tukuna. Na gwada, agogo uku suka sake fitowa. Dare biyu ina juya abin kafin in ga cewa na sa kalmar local a gaban mazubin. A Lua, mazubin da ka yi wa haka na cikin ɗaki ne, tarkon na gama aikinsa ya tafi da shi. In tarkon ya sake tashi, ya nemi lambar tsohon agogo, ya tarar babu komai, sai ya ɗauka babu tsoho. Na cire kalmar, mazubin ya zama na tsakar gida, wanda kowa ke gani kuma yake kwana a wurinsa. Na kai salula ƙofar gida sau biyar a daren. Agogo ɗaya tak.

Daga baya na ƙara wani gyara da ya fi wannan. Agogona a Matamaye yake ƙirga, wasan kuwa a uwar garke yake, wato babbar kwamfutar da ke riƙe da shi a wata ƙasa mai nisa. In rezo ya ja, umarnina yakan isa a makare, kariyar ta faɗi na ƴan daƙiƙu ban sani ba. Sai na daina dogara da ƙirgata. Na ɗana tarko a kan layin da wasan da kansa ke rubutowa cewa kariya ta kusa gushewa, in ya faɗa sai in sabunta. Agogon na bar shi a matsayin ɗan tsaro kawai, ko da layin ya ɓace a hanya.

Kada ku ce wannan ciwon ƴan wasa ne kaɗai. A ranar 25 ga Fabrairu 1991, lokacin yaƙin Tekun Fasha, wata na'urar kakkaɓo makamai ta Amurka mai suna Patriot ta kasa tare wani makami mai linzami a Dahran ta ƙasar Saudiyya, sojoji 28 suka mutu. Da aka bincika, agogon cikinta ne ke yin ɗan kuskure ƙanƙani da ke taruwa a hankali. Ta yi kusan awa 100 a kunne, kuskuren ya kai wajen kashi ɗaya cikin uku na daƙiƙa, kuma a gudun makami wannan ya isa ta nemi abin a inda ba ya nan. In an kashe ta an kunna, kuskuren yakan koma sifiri. Duk lokacin da na ji wani ya ce “kashe ka kunna, zai yi”, sai in tuna. Zai yi ɗin, amma ciwon yana nan, ka dai mayar da shi farkon ƙirga.

Da na bayyana wa dattijon Holan abin da na gano, ya ce shekara da shekaru yana amfani da rubutun nan bai taɓa ganin haka ba. Na yarda da shi. Layinsa ba ya yankewa, in ya gama wasa ya rufe manhajar ya kwanta. Rubutunsa daidai yake a gidansa. Ni ne na ɗauko shi na kawo gidan da salula ɗaya ke hidimar mutum bakwai, ban tambayi kaina ko akwai abin da ya ɗauka tabbas ne wanda a wurinmu ba tabbas ba ne. Wuta tana da hannu, rezo yana da hannu, awar Turai tana da hannu, kiran Yaya yana da hannu, Auta ma yana wurin duk daren da abin ya faru. Amma ko ɗayansu bai rubuta tarkon nan a kwamfutata ba, ko ɗayansu bai share layukan da za su tona asiri ba.

Gyaran agogo layi ɗaya ne. Ɗayan gyaran sai da na yi sati ina kewaye-kewaye. Kun san yadda muke, babba ba ya buɗe baki ya ce wa ƙaninsa ya yi kuskure. Na sayo raken Dungu na ajiye masa, ya ci bai ce komai ba. Na ba shi dala ashirin ba dalili, ya karɓa ya ce na gode, kamar baƙo. Na gane rake ba zai yi wannan aikin ba.

Wata ranar Juma'a bayan la'asar na same shi a zaure yana haddar darasi. Na zauna kusa da shi, na buɗe kayen, na nuna masa gidajen da na ja da jerin kiran Yaya. Na ce, “Auta, abin da ka faɗa ran nan shi ne gaskiya. Ba ka taɓa komai ba. Na mare ka a banza, ka yafe mini.” Ya daɗe yana kallon shafin, yana bin layukan da yatsa. Sai ya ce, “Nan ka yi kuskure, ran Talatar nan sau uku ya kira, ba sau biyu ba. Na ukun kana ban-ɗaki.” Na duba salula. Sau uku ne.

Na miƙa masa bik ya gyara da hannunsa. A daren ya dawo kan tabarma, amma ya zauna ɗan nesa da inda ya saba, inda hannuna ba zai kai ba. Ya fi wata guda kafin ya matso.